Kafin A Tura Ƙungiyoyin Agaji Kasuwa

Ranar 20 ga Janairun 2025, ranar da aka rantsar da shi karo na biyu, Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje har tsawon kwana 90. Wa'adin bai ma cika ba sakataren harkokin wajensa Marco Rubio ya fito a watan Maris ya ce an soke kashi 83 cikin 100 na ayyukan USAID, hukumar da ke raba tallafin Amurka a ƙasashen waje, zuwa farkon Yuli kuma aka rufe hukumar ɗungurungum. Birtaniya ita ma ta sanar a watan Fabrairu cewa nan da 2027 za ta rage kasafin tallafinta daga kashi 0.5 zuwa 0.3 na kuɗin shigar ƙasa, don ta ƙara wa harkar tsaro. Wanda ke zaune a Maiduguri ko Damaturu ko Yola bai buƙaci a karanta masa wannan a jarida ba. Ya ga ofisoshin da aka garƙame, ya ga direbobi da masu gadi da ma'aikatan jinya da aka sallama, ya ga masu gidajen haya suna neman wanda zai shiga. A watan Yulin shekarar, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi gargaɗin cewa za ta dakatar da abincin gaggawa ga mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabashin Najeriya saboda kuɗi sun ƙare.

Tun daga nan waƙa ta sauya. Duk taron da aka kira shugabannin ƙungiyoyin sa-kai, magana ɗaya ce: ku daina jiran Bature, ku buɗe sana'a, ku riƙa samun kuɗin kanku. Ana kama ɗaki a otal, a yi bita ta kwana uku, a koya wa mutane yadda ake cike takardar tsarin kasuwanci, a ɗauki hoto, a raba kuɗin mota, a watse. Wata shida bayan haka sai ka ji ƙungiyar marayu ta buɗe gidan kaji, ta mata ta fara sabulun ruwa, ta matasa ta sayi rumfuna da kujerun haya.

Ba ni da ja a kan asalin shawarar. Ƙungiyar da duk numfashinta yake hannun wani ofishi a Washington ko Landan ba ta da 'yanci, ko da kuwa ta rubuta "mai zaman kanta" a allon ƙofarta. Shi mai ba da kuɗi shi ke zaɓen aikin da za a yi, da garin da za a yi shi, da ranar da za a daina. Bana ya ce ilimin 'ya'ya mata, baɗi ya ce sauyin yanayi, ƙungiya kuma ta riƙa sauya riga tana bin sa. Naira dubu ɗari da ƙungiya ta samu da guminta ta fi miliyan ɗin tallafi wani amfani guda: ba wanda zai ce mata kada ta biya kuɗin wuta da ita. Abin da nake ja da shi shi ne yadda ake yin taimakon, domin yawancin abin da ake kira taimaka wa ƙungiyoyi su kafa sana'a, tura su ne ake yi su yi asara da kuɗin da ba nasu ba.

Wannan ba zato ba ne. Amurka ta riga mu shiga wannan zazzaɓin tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da kowace gidauniya ke kwaɗaitar da ƙungiyoyi su buɗe gidan burodi ko wurin cin abinci ko kantin kaya. A 2005 wasu masu bincike biyu na cibiyar Bridgespan, William Foster da Jeffrey Bradach, suka wallafa abin da suka gano a mujallar kasuwanci ta Harvard. Cikin sana'o'in ƙungiyoyin da suka bibiya, kashi 71 cikin 100 asara suke yi, kashi 5 ba riba ba faɗuwa, kashi 24 ne kawai suka ce suna cin riba. Ko su ɗin ma, rabinsu ba su sa cikakken kuɗin gudanar da ofis da lokacin da manyan ma'aikata ke kashewa a lissafi ba. A Amurka ke nan, inda wuta ba ta ɗaukewa, bashin banki na da sauƙi, mai saye kuma yana da kuɗi a aljihu.

Wannan batu na lissafin da ba a kammala ba shi ne ciwon da ya fi yawa a wurinmu. Ɗauki gidan kajin ƙungiya. Filin wani bawan Allah ne ya ba da aro. Motar da ke ɗauko abincin kaji ta ƙungiya ce, man da ta sha kuma an rubuta shi a kan wani aikin daban. Yaron da ke kula da kajin ɗan sa-kai ne, ba a biyansa sai ɗan abin sabulu. Ma'ajin ƙungiya, wanda albashinsa ke fitowa daga tallafi, shi ke zuwa kasuwa sayar da ƙwai. Ƙarshen wata a tara kuɗin ƙwai, a cire na abinci da magani, a ga ragowa, a yi hamdala a ce an ci riba. Ranar da tallafin ya tsaya, mota ta tsaya, ma'aji ya tafi neman wani aiki, sai a gane cewa ba kajin ke ciyar da ƙungiya ba, ƙungiyar ce ke ciyar da kajin. Ba ha'inci ba ne, rashin sani ne, kuma bitar kwana uku ba ta maganinsa.

Duk mai wa'azin dogaro da kai sai ya ambaci BRAC, ƙungiyar agaji ta Bangladesh, kuma yana da gaskiya, domin ita ce babban misali a duniya. Amma ana ambaton ta ne a gurguje, a tsallake abin da ya kamata a koya. Fazle Hasan Abed, wanda ya kafa ta a 1972 bayan yaƙin neman 'yancin ƙasar, akanta ne da ya riƙe babban muƙami a kamfanin mai na Shell kafin ya ajiye. Mutum ne da ya san ƙididdigar tsadar kaya tun kafin ya san aikin agaji. Sannan ba a taɓa zama a ofishin BRAC an ce "wace sana'a za mu yi mu samu kuɗi" ba. Kowace sana'a ta fito ne daga wata matsala da ta tokare aikin. Matan karkara da ta koya wa saƙa da ɗinki suna kai kaya kantunan birnin Dhaka, masu kanti su karɓa su ce sai an sayar za a biya, mace ta yi watanni tana jira. A 1978 aka buɗe kantin Aarong don a riƙa biyan su nan take da sun kawo kaya. Matan da suka karɓi rance suka sayi shanu sun samu madara amma ba kasuwa, ba firji, kafin a kai ta gari ta lalace. A 1998 aka kafa kamfanin madara da wuraren sanyaya ta a ƙauyuka. Haka kiwon kaji ya jawo horar da mata masu yi wa kaji allura, ya jawo wuraren ƙyanƙyasa, ya jawo masana'antar abincin kaji, ita kuma ta jawo harkar irin masara. Bankin BRAC bai zo ba sai 2001, kusan shekara talatin da kafa ƙungiyar.

A lura da abu biyu. Na farko, a kowane mataki BRAC ta shiga inda babu kowa ne, inda ɗan kasuwa bai ga riba ba ko bai iya kaiwa ba, kuma tana da dubban masu kawo kaya da masu saye da ta riga ta sani. Na biyu, duk tsawon shekarun nan masu tallafi ba su janye ba. Sun ci gaba da biyan kuɗin makarantu da aikin lafiya yayin da sana'o'in ke rarrafe. Da kuɗin tallafi aka gina dogaro da kan da ake yaba wa yau, har ta kai ƙungiyar na ɗaukar kusan kashi uku cikin huɗu na kasafinta a Bangladesh daga abin da take samu da kanta. Mu kuma ana so ƙungiyar da aka yanke wa tallafi jiya ta wayi gari gobe da kamfani. Hausawa sun gama magana: ba a fafe gora ranar tafiya.

Asibitin ido na Aravind a birnin Madurai na Indiya darasi ɗaya yake koyarwa ta wata fuska. Likita Govindappa Venkataswamy ya buɗe shi a 1976 da gado 11 bayan ya yi ritaya. Mai hali ya biya, marar hali a yi masa kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, likita ɗaya ne kuma ke yi wa dukansu aiki. Abin ya yiwu ne saboda an tsara aikin yanar ido yadda likita ɗaya ke yin ninkin-ba-ninkin abin da takwarorinsa ke yi a shekara, sai tsadar kowane aiki ta faɗi. Da tsadar gilashin da ake dasawa a ido ta zama cikas, suka kafa masana'antar Aurolab a 1992 suka riƙa yin nasu a kan ƙasa da dala goma, abin da a da ake shigowa da shi a kan kusan dala ɗari. Ba gidan burodi suka buɗe don su tallafi asibiti ba. Abin da suka fi kowa iyawa shi suka sayar wa mai kuɗi. Irin wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu: asibitin ido na ECWA a Kano yana aiki tun 1943, marasa lafiya suna biya, kuma har daga ƙasashe maƙwabta ake zuwa.

To, mu dawo kan sabulun ruwa. Ƙungiya ta tara zawarawa ta koya musu sabulu da man shafawa da turaren wuta don su dogara da kansu. Da aka ce ta nemi kuɗin shiga, sai ita ma ta fara yin sabulun tana kaiwa kasuwar da zawarawan ke kaiwa, da jarin tallafi, da motar ofis, a farashin da su ba za su iya saukowa ba. Wa aka taimaka? Kuma ita kanta ba za ta daɗe ba, domin a Kasuwar Singa akwai wanda ya gaji wannan ciniki daga kakansa, yana sauke kaya tirela-tirela, ribar da yake ci a kan katan ɗaya ba ta kai kuɗin shayin ma'aikacin ƙungiya ba, amma yawa ke fitar da shi. Ga lambar NAFDAC da sai an sha wuya kafin a samu. Ga yanayin da aka shiga: an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5. A wannan lokacin gogaggun masu gidajen kaji da yawa rufewa suka yi saboda tsadar masara da waken soya. Shi ne lokacin da muka ga ya dace malamin makaranta mai riƙe da ƙungiyar marayu ya shiga.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa a takardar tsarin kasuwanci, amma kowa ya san shi. A idon jama'a kayan ƙungiya kayan Allah ne. Mai unguwa zai aiko a ba shi aron kujeru da rumfa za a yi sunan jikansa, wa zai kai masa rasit? Matar ɗan kwamiti za ta ɗauki kiret biyar na ƙwai ta ce sai ƙarshen wata. Wanda aka saba ba shi kyauta shekara goma, yau ka ce ya biya, gobe ka ji a gari cewa ƙungiya ta zama ta 'yan kasuwa, an cinye kuɗin marayu an buɗe shago. Ɗan kasuwa na gaske yana da fuskar da yake ɗaurewa idan an zo karɓar bashi. Ma'aikacin agaji an ɗauke shi aiki ne saboda taushin zuciya, kuma daidai ne, amma taushin zuciya ba ya karɓo bashi. Sai a haɗa da al'adar nan ta ba ƙanen shugaba riƙon shagon, saboda wai shi ne amintacce.

Ni a ganina, mun tsallake abin da yake namu mun tafi aro. Shekaru fiye da dubu da ɗari huɗu ke nan Musulunci ya tsara hanyar da aikin alheri zai ci da kansa. Sayyidina Umar ya samu fili a Khaibar, ya ce bai taɓa mallakar dukiyar da ta kai shi daraja ba, ya nemi shawarar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka ce masa in ya so ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin. Sai ya yi wakafinsa a kan ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Ya kuma sa wani sharaɗi da mutanenmu ba su cika ambatawa ba: babu laifi mai kula da filin ya ci daga cikinsa gwargwadon abin da aka saba. Wato tun ranar farko an san cewa dukiyar al'umma tana buƙatar mai kula da ita, kuma mai kular nan sai an biya shi. Mu kuwa har yau muna ganin abin kunya ne a ce manajan kadarar marayu yana ɗaukar albashi mai kyau, mun fi son ɗan sa-kai da zai yi wata uku ya gaji, ko ya fara biyan kansa a ɓoye.

Wanda ke son ganin wakafi a siffar kamfani ya dubi Hamdard. Hakim Abdul Majid ya buɗe ɗan shagon maganin gargajiya a Delhi a 1906, daga nan aka fito da sharbar nan ta Rooh Afza da ake buɗe-baki da ita a Indiya da Pakistan. 'Ya'yansa suka mayar da kamfanin wakafi, a Indiya a 1948, a Pakistan a 1953. Kamfani ne sosai, yana gogayya a kasuwa, yana talla, yana biyan ma'aikata, amma ribar tana tafiya gidauniya, da ita aka gina jami'a a Delhi da wata a Karachi. Jerin abin shi ne muhimmi: 'yan kasuwar da suka riga suka yi nasara ne suka ba da kamfaninsu ga aikin alheri, ba masu aikin alheri ne suka koyi kasuwanci da tsakar rana ba.

A nan ne nake ganin attajiranmu suna da abin yi wanda ya fi rabon shinkafa da azumi. Muna da masu gina masallaci a unguwar da ke da masallatai uku, a kashe miliyoyi a kan tayil da hasumiya, wata shida bayan buɗewa a fara yawo da kwano ana neman kuɗin gyaran famfo da na limami. Da an rage tsawon hasumiyar an gina shaguna shida a jikin katanga, da an huta. Haka gidan marayu, haka Islamiyya, haka ƙungiyar masu lalurar laka ko ta masu sikila. Shago a bakin titi, rumbun ajiya kusa da Dawanau, gidan kwanan ɗalibai kusa da jami'a, gonar da za a ba da haya: waɗannan ba sa buƙatar shugaban ƙungiya ya san farashin masara na yau. Karɓar haya ta fi saye da sayarwa sauƙi nesa ba kusa ba, kuma kadara tana bin hauhawar farashi sama, ba kamar kuɗi a banki ba. Hukumomin ma akwai su. Zamfara da Sakkwato da Kano duk suna da hukumar zakka da wakafi, Nijar ta yi dokar wakafi a 2019 ta kuma kafa masa hukuma ta musamman. Sai dai yawancin hankalinsu ya tafi kan tara hatsi da rabawa, wanda ke ƙarewa a mako guda.

Ba ina cewa wakafi ba shi da nasa ciwon ba ne. Mun san yadda ake yi: Alhaji ya faɗa da baki a gaban mutum biyu cewa gidan nan na marayu ne, bai rubuta ba, bai canza sunan takardar fili ba, ya rasu, magada su ce ba su san zancen ba. Ko a bar shi a hannun mutum ɗaya da ba wanda ke tambayarsa, bayan shekara ashirin 'ya'yansa su ɗauka gadonsu ne. Maganin wannan lauya ne da takardar mallaka da sunan amintattun ƙungiya da aka yi wa rajista, da mai binciken kuɗi daga waje duk shekara, da karanta lissafi a bainar jama'a. Duk wanda ke son taimaka wa ƙungiya da gaske, biyan kuɗin waɗannan ya fi bita goma.

Ga ƙungiyar da ta dage sai ta yi ciniki, kuma tana da abin sayarwa na haƙiƙa, taimakon da take buƙata sananne ne, kawai dai yana da tsada kuma ba ya kyau a hoto. Gidauniyar REDF da attajiri George Roberts ya kafa a San Francisco, wadda tun 1997 aikinta ke nan, ba taron bita take kira ba. Tana zaɓen ƙungiyoyi ƙalilan, ta zuba musu kuɗi na shekaru, ta haɗa su da mutanen da suka san kasuwanci su zauna da su a kan littafin lissafi. Abin da ya dace da mu ke nan. Jari na shekara uku zuwa biyar, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Albashin akanta. Albashin manaja da aka ɗauko daga kasuwa, ba daga cikin 'yan kwamiti ba. Sannan a raba gari tun farko: sana'ar ta zama kamfani mai rajistarsa daban, da asusunsa daban, ko biro ta ɗauka daga ofishin ƙungiya a rubuta. Dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ta hana ƙungiya mai amintattu raba riba ga mambobinta, sannan yafewar harajin da ake yi wa ƙungiyoyin agaji ba ta shafi ribar da aka samu ta hanyar kasuwanci ba. Da yawa ba su san haka ba sai ranar da takardar hukumar haraji ta iso.

Da zan ba da shawara ɗaya tak, ita ce a sa ɗan kasuwa na gaske a kwamitin da ke kula da sana'ar, a kuma ba shi ikon cewa a rufe. Ba mai digirin kasuwanci nake nufi ba. Ina nufin irin Alhajin Kantin Kwari da zai dubi lissafinka minti biyar ya tambaye ka nawa ne bashinka a waje, tun yaushe, wa ke riƙe da mabuɗin sito. Kwamitocin ƙungiyoyinmu cike suke da farfesoshi da tsofaffin manyan sakatarori da malamai, mutanen kirki masu suna, amma kaɗan ne a cikinsu suka taɓa kwana da tunanin kayan da suka ƙi fita. Ɗan kasuwa idan layi ya ƙi shi, sauyawa yake yi ba tare da jin kunya ba. Ƙungiya kuwa sai ta riƙa ɗibar kuɗin aikin marayu tana toshe ramin gidan kaji shekara da shekaru, saboda an yi bikin buɗewa, kwamishina ya yanka ƙyalle, an kuma rubuta wa mai tallafi cewa abin yana tafiya. Su ma masu tallafin suna iya yin abu mai sauƙi da ba sa yi: su zama masu saye. Hukumar da ke sayen dubban kayan makaranta ko sabulu ko barguna duk shekara, me ya hana ta ware wani kaso ta saya daga ƙungiyar ɗinkin da ita da kanta ta horar, in dai kayan sun kai inganci?

Nasara ma tana da nata haɗarin, kuma harkar ƙananan rance ta nuna shi. Compartamos ta Meziko ƙungiyar agaji ce da ta fara a 1990 tana ba matan karkara rance. Ta girma ta zama banki, a 2007 ta sayar da hannun jari aka tara sama da dala miliyan 400, alhali matan suna biyan ruwan da ke kaiwa kusan kashi 100 a shekara. Muhammad Yunus na bankin Grameen da kansa ya fito ya yi tir. A 2010 gwamnatin jihar Andhra Pradesh ta Indiya ta taka wa masu ba da irin wannan rance birki bayan rahotannin mutanen da suka kashe kansu saboda matsin masu karɓar bashi. Da zarar albashin ma'aikata ya rataya a kan abin da talaka zai biya, sannu a hankali sai a fara kallonsa da wani ido, a fara zaɓen wanda zai iya biya a bar wanda aka kafa ƙungiyar dominsa. Kwatanta wannan da Mata Masu Dubara, tsarin asusun da ƙungiyar CARE ta fara da matan yankin Maraɗi a 1991: mata su zuba nasu duk mako, su ranta wa junansu, ƙarshen zango su raba uwa da riba. CARE ba ta ci ko sisi a ciki ba, tsarin kuma ya bazu ƙasashe da dama yana tafiya ko bayan ma'aikatan sun tafi. Wani lokacin abin da ya kamata ya tsaya da ƙafarsa shi ne aikin, ba ofishin ba.

Saura abin da masu bita ba sa son a taɓo. Akwai aikin da har abada ba zai biya kuɗin kansa ba. Yaron da tamowa ta kama a Katsina ko Borno ba abokin ciniki ba ne. Matar da ta gudo daga ƙauyenta a Zamfara da zane ɗaya ba za ta biya kuɗin tanti ba. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe ba za ta biya lauya ba, mai yoyon fitsari da miji ya saka ba za ta biya tiyata ba. Babu yawan ƙwai ko hayar kujerun da zai riƙe cibiyar kula da tamowa mai gado ɗari. Wanda ya ce wa irin waɗannan ƙungiyoyi su nemi sana'a, sallama ce yake yi musu cikin ladabi, gara ya fito ya faɗa. Ga mafi yawan ƙungiyoyi, in sana'a ko haya ta biya kuɗin ofis da wuta da albashin mutum biyu ko uku, ta yadda ƙofa ba za ta rufu ba tsakanin wannan tallafi da wancan, ta yi abin da ake nema. Ragowar kuwa sadaka ce da zakka da haraji za su ɗauka.

Harajin nan kuma shi ne inda maganar ta fi nauyi. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. Ƙasar da aka yi taron a cikinta ta shafe shekaru tana yawo a wajajen kashi 5. Da Amurka ta janye, Majalisar Tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 don toshe gurbin, wanda ya nuna cewa kuɗin suna samuwa idan an ga wuta. Jihohin arewa kuwa, tun bayan cire tallafin mai kason da suke karɓa daga asusun tarayya ƙaruwa ya yi sosai. Kwamishinan da ya zo buɗe bitar dogaro da kai ya yi wa ƙungiyoyi huɗuba a kan su daina bara, ya kamata wani a cikin zauren ya ɗaga hannu ya tambaye shi nawa jiharsa ta ware wa maganin tamowa a kasafin bana, nawa kuma aka saki a ciki.